Huji Na Uku

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a bakin tashar Gumel ya san Injiniya Ilu. Wanda bai gan shi ba ya ji shi, don Ilu bai iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ba wata makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba, shi ya naɗa kansa, ranar da ya dawo daga Abuja da wata hular kwano ruwan ɗorawa wadda har yau ba a san inda ya samo ta ba. Tun daga ranar ba mahaluƙin da ya ƙara ganin tsakar kansa. Da hular yake cin tuwo, da ita yake zuwa ɗaurin aure, in zai yi alwala ma ɗaga ta yake kaɗan ya zura hannu ya mayar da sauri.

Akwai dalili. Shekarun da ya yi yana lebura, kwanon kankare ya cinye masa gashin tsakar ka, ya bar masa wani sanƙo zagayayye daidai gindin kwano. Ilu ya tsani sanƙon nan, ya tsani kwano, ya kuma rantse shi da ɗaukar kwano har abada.

Abin da ya raba shi da kwanon kuwa kati ne. Maginan yankin, daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, suna da ƙungiya, kuma ba mai karɓar aikin gyaran gida sai da katinta. Dokarsu ba ta da tsawo. In aka kai ƙarar magini aka tabbatar ya yi aikin banza, shugabansu Malam Manu zai zaro wata ƙusa da ba ta rabuwa da aljihunsa, ya huda katin. Huji na uku, a karɓe kati, a karɓe cokalin gini, mutum ya koma lebura.

Katin Ilu yana da huji biyu. Na farko a Gagarawa ya samo shi, inda ya toshe indararon wani soro ya ce ƙauyanci ne, ruwan farko da aka yi rufin ya zama tafki, agwagin unguwa suka tare a sama. Na biyu a Sule Tankarkar, inda ya gina wa wani liman masai yana fuskantar alƙibla. Wani zai ɓoye irin wannan kati. Ilu igiya ya sa masa ya rataya a wuya.

"Waɗannan hujojin fa?" in baƙo ya tambaya.

"Anini ne," in ji Ilu. "Ka ga na kafaɗar soja? To namu na magina a kati ake sawa."

A baki ke nan. A zuci kuwa hujojin nan suna hana shi sakat, don ya san saura ɗaya. Shi ya sa ya ƙudura zai yi wani aiki na gani na faɗa, wanda Malam Manu zai gani ya riƙe baki, ya ba shi sabon kati fes.

Sai ga Malam Sajo.

Malam Sajo Bafulatani ne da ya daɗe da zama a gefen gari, kan hanyar Maigatari. Yana noma, shanunsa suna daji wajen 'yan'uwansa, amma a cikin gida yana da sa ɗaya da yake turkawa, wani jan rahaji mai suna Jatau. Tun bara ake ɗura masa dusa da harawa, har ya zama in ya juya sai ka ji ƙasa ta amsa. Ƙahoninsa kuwa, sai mutum ya ware hannuwansa biyu bai kai ƙarshensu ba. Niyyar Malam Sajo ya kai shi kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis ta sama, kafin nan zai je arewa ya dubo garke.

"Tsagar nan ta bangon zaure kawai za ka liƙe min, Ilu," ya ce, yana nuna ta da sanda.

"Injiniya, Baffa."

"To, Injiniya. Tsaga kawai. Kada ka taɓa komai."

"Baffa, je ka abinka. In ka dawo sai ka tambayi hanyar gidanka."

Malam Sajo ya ɗauka raha ce, ya yi murmushi ya tafi.

Washegari Ilu ya iso da leburorinsa, ya tsaya a tsakiyar zauren ya riƙe ƙugu. Zaure ne irin na kowa. Ƙofar waje tana nan, ta shiga cikin gida tana can a gefe, yadda mai wucewa ba zai hangi iyalin mutum ba. Ko yaron goye ya san dalilin haka. Ilu ya dubi wannan ƙofa, ya dubi waccan, ya girgiza kai har hular ta karkace.

Ya leƙa waje ya kira Kyauta mai shayi, wanda teburinsa yake tsallaken titi daidai ƙofar gidan. "Kyauta! Wa ya gina wannan abu?"

"Mahaifin Malam Sajo, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Amma bai san layi ba. Dubi ƙofa nan, ƙofa can, kamar sun yi faɗa. Iska in ta shigo sai ta tsaya tambayar hanya."

"Injiniya, ai haka ake zaure."

"Haka ake a nan. A Abuja in ka tsaya a bakin gida, har ƙarshensa kake hangowa."

Guduma ta fara aiki. Daga ciki Goggo Asama'u, matar Malam Sajo, ta ɗago murya. "Wai liƙe tsaga ake da guduma?"

"Goggo, tsaga daga tushe ake bin ta!"

Kafin la'asar an toshe tsohuwar ƙofar ciki, an fasa sabuwa daidai saitin ta waje, faɗi-faɗi. Tsagar kuwa tana nan inda take, ba wanda ya ko dube ta.

Da safe Goggo Asama'u ta fito tsakar gida ba kallabi, ta tsuguna tana kankare tukunyar tuwo, tana 'yar waƙarta. Ta ɗaga kai ke nan, sai ta yi ido huɗu da mutum goma a kan bencin Kyauta, kowa da kofin shayi a bakinsa.

Salatin da ta saki har kaji suka watse. A tsallaken titi ma aka watse. Dattawan suka miƙe a tare, suka juya bencin, suka zauna suna fuskantar bango kamar masu zaman makoki. Daga ranar unguwa ta shiga wani hali. Duk namijin da ya zo wucewa sai ya kau da kai ya riƙa tafiya a kaikaice. Wani ɗan acaɓa ya juya fuska don kunya, ya zarce cikin kwata da fasinjansa. Ladan ya runtse ido ya wuce, ya yi karo da turken lantarki, ya ba shi haƙuri.

Dillalan shanu ne kaɗai ba su kau da kai ba. Su suka jeru a bakin titi suna leƙen Jatau, san da Malam Sajo ya shekara yana ɓoyewa don gudun bakin mutane.

"Kai, ka ga tozo!"

"Wannan ai sai an yi masa mota shi kaɗai."

Goggo ta rataya tabarma a ƙofar. Iskar da Ilu ya yi alkawari ta zo ba ta tambayi hanya ba, ta yi gaba da tabarmar.

Ilu yana isowa Kyauta ya tare shi. "Injiniya, ka kashe min kasuwa. Wa zai sha shayi yana kallon bango?"

Kafin ya amsa sai ga muciya ta leƙo daga bayan ƙofa, muryar Goggo na biye da ita. "Kai Ilu!"

"Injiniya, Goggo."

"Injiniyan uwar wa? Gida ka ce za ka gyara ko kasuwa za ka buɗe? Jiya har wani ya aiko a gaya min miyata ta yi ruwa!"

"Goggo, ki kwantar da hankalinki. Wannan zangon farko ne. Dama aikin zango biyu ne."

"Wallahi in rana ta faɗi gobe ana hangen tukunyata daga titi, wajen Malam Manu zan aika."

Sunan nan ya daki Ilu a ƙirji. Hannunsa ya kai kan katin ba tare da ya sani ba. Nan take zango na biyu, wanda babu shi a duniya kafin wannan lokaci, ya faɗo masa a ka.

Aka kawo bulo. Ilu ya tayar da katanga a cikin gida, dab da sabuwar ƙofar, ta tare ido. Ya ga kamar ta gefe ana iya leƙe, ya ƙara mata wata ta lanƙwasa. Ya ga ta yi kyau, ya ƙara wata lanƙwasar don ado. Ƙofar waje kuma ya tsuke ta, ya kafa mata wani ƙyauren ƙarfe da ya samo a Maigatari, irin na shagon caji.

Leburorin suka dubi kwaɓin, suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Oga, yashin nan bai ko ji ƙanshin siminti ba."

"Kai me ka sani? Siminti barbaɗa shi ake, kamar gishiri a miya. In ya yi yawa gini tauri yake ya karye."

Aka shafe komai da fenti shuɗi. A saman ƙofa Ilu ya rubuta da manyan baƙaƙe, AIKIN INJINIYA ILU, ya ɗora lambar wayarsa, don kada wani ya yi masa satar fasaha.

Gaskiya dai yanzu ba a hangen cikin gida. Matsalar ita ce shiga. Sai mutum ya karkace, ya tsuke ciki, ya yi dama, ya yi hagu, ya sake yin dama. Ɗan garuwa ya zo ya koma da ruwansa. Mai itace ya riƙa jefowa ta saman katanga ɗai-ɗai. Maƙwabciyarsu A'i, wadda Allah ya yi wa jiki, ta zo aron turmi ta maƙale a lanƙwasa ta biyu, sai da aka ja ta gaba aka tura ta baya, ta fita da shuɗin fenti a zane tana tsine wa Abuja da duk wanda ya taɓa zuwa can.

"Ilu," in ji Goggo daga ciki, "Jatau fa? Ta ina zai fita?"

"Na auna shi, Goggo."

"Yaushe? Ni ban ga ka matsa kusa da shi ba."

Gaskiyarta. Ilu tsoron san nan yake kamar ransa. Da tsakar rana ya lallaɓa daga nesa ya shimfiɗa tef a ƙasa.

"Inuwarsa na auna. Haka manya suke yi, ba a taɓa dabba."

"Inuwa."

"Ƙwarai. Har da rarar taku ɗaya."

Ranar Laraba Ilu ya wanke hularsa da omo, ya hau acaɓa ya tafi gidan Malam Manu. Ya same shi a kan tabarma yana gyaran carbi, dattijo ne siriri mai furfura, wanda bai cika ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, gayyata na kawo. Gobe da safe a zo a ga aiki."

Malam Manu ya dube shi ta saman tabarau. "Ilu, kai da kanka kake kirana? Yawanci masu gidan ne suke zuwa, suna kuka."

"Wannan karon kukan daɗi za a yi. A taho da manyan ƙungiya. A kuma taho da sabon kati, ranka ya daɗe, don kada a yi tafiya biyu."

"Za mu zo," in ji Malam Manu. Ya shafa aljihun gaban rigarsa, inda ƙusar take kwana.

Da yammacin ranar Malam Sajo ya dawo. Ya wuce gidansa, ya kai ƙarshen layi, ya dawo, ya sake wucewa. Daga ƙarshe ya tsaya gaban teburin shayi.

"Kyauta, don Allah ina gidana?"

Kyauta ya nuna masa shuɗiyar ƙofar da ludayin shayi.

Malam Sajo ya karkace ya shiga. Aka ji sandarsa tana karo da bango, dama, hagu, dama. Ya jima a ciki, sannan ya fito da fenti a kafaɗa. Ilu yana tsaye yana jiran yabo, ƙirji a gaba.

"To," in ji Malam Sajo.

Wanda ya san Fulani ya san wannan "to" ɗin ta fi zagi. Ilu bai sani ba.

"Ba na gaya maka ba, Baffa? Sai da ka tambaya!"

"Tsagar tana nan."

"Zango na uku ke nan."

"Gobe Jatau zai fita?"

"Kamar ango, Baffa. Ko gefen rigarsa ba zai taɓa bango ba."

Alhamis da hantsi motar shanu ta tsaya a ƙofar gida, aka saukar da katakon hawa. Direban, wani ɗan Damagaram mai ƙaton rawani, ya bar injin a kunne. Unguwa kuwa ta cika, don labarin inuwa ya riga ya zaga. Kyauta ya juyo da bencinsa, ya ƙaro wani, shayi har da layi.

Malam Sajo ya kwance Jatau ya jawo shi. San ya taho a natse, ya iso bakin lanƙwasar farko. Ƙaho na dama ya ce ƙwas a wannan bango, na hagu ya ce ƙwas a wancan. Ya tsaya.

"Ya karkata kai!" in ji Ilu daga kan katanga, inda ya haye don ya ba da umarni daga nesa. "Baffa, gaya masa ya karkata!"

"Sauko ka gaya masa."

"To a juyo shi ya fita da baya."

Aka juyo shi. Gindin ya shiga, cikin ya cika hanya dam, ƙahonin suka ce ba su san zancen ba. Aka jawo shi da ƙyar.

"Man gyaɗa!" in ji Ilu. "A shafe ƙahon da man gyaɗa!"

Aka ƙarar da kwalbar Goggo. Jatau ya yi sheƙi kamar za a kai shi gasa, ya lashe abin da harshensa ya kai, ya sake cewa ƙwas.

Direba ya danna ham, ya kira Ilu da "Malam" ɗin Faransanci irin na mutanen Nijar. "Mushe Injiniya, kasuwa tana ci fa!"

"Yanzun nan! Baffa, akwai zarto a gidan nan? Ɗan kaɗan za a rage, nan da nan..."

Malam Sajo ya sauya wa sandarsa hannu. Ilu ya ƙara matsawa can ƙarshen katanga.

"To a kira mahauci, a fitar da shi kashi-kashi."

"Kai za a fara fitarwa kashi-kashi!" in ji Goggo.

"To a kawo kasuwar nan mana! Dole sai a Maigatari? A kira masu saye su shigo ɗai-ɗai!"

"A karkace?" in ji A'i daga cikin taro. Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware da shayi.

Ana cikin haka adaidaita ta tsaya. Malam Manu ya fito, dattawan ƙungiya biyu na biye da shi. Ilu ya hango su. Ya diro daga katanga ya tare su da fara'a.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa! An zo a daidai, gwajin ƙarshe muke."

Malam Manu ya karanta rubutun saman ƙofa. Ya karkace ya shiga zaure, ya dubi tsagar da aka kira Ilu dominta. Ya sa farce ya ɗan karci sabuwar katanga, yashi ya zubo masa a kan takalmi, shuuu.

"Numfashi take, ranka ya daɗe," in ji Ilu. "Sabon salo ne, saboda zafi."

"San can fa?"

"Ƙauyanci ne yake damunsa, bai saba da ginin zamani ba. Bari in nuna masa da kaina."

Da ba don ƙusar nan ba, ko da kuɗi aka haɗa shi Ilu ba zai tunkari Jatau ba. Amma ya hango kanta ta leƙo daga aljihu. Ya fizgi damin harawa, ya shiga lungun, ya tsaya a lanƙwasa ta biyu yana kaɗa shi ƙasa-ƙasa.

"Zo, Jatau. Zo, ɗan albarka. Karkata."

Abin mamaki, Jatau ya sunkuyar da kai don harawa, ya karkata, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa, santsin man gyaɗa ya taimaka, ya zurmo cikin lungu.

"Kun gani!" Ilu ya ƙwala ihu. "Kun gani! Lissafi ne! A rubuta, ranka ya daɗe!"

Sai Jatau ya ɗago kai ya miƙe wuya. Ƙahonin suka cije a bango biyu. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ilu kuwa yana manne a kusurwa, bango a bayansa, hancin Jatau a ƙirjinsa. Jatau ya gama da harawar, ya shinshina shi, ya zaro harshe ya lashe shi tun daga haɓa har hula.

"Baffa," in ji Ilu da wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba. "Baffa Sajo. Yi masa Fillanci."

A waje direba ya gaji. Ya kwanta a kan ham bai ɗaga ba.

Jatau ya firgita. Ya fizgi kai, ya jingina kafaɗa da katangar Injiniya, ya ɗan yi nishi. Ba wani ƙarfi ya sa ba, kowa ya shaida. Katangar ta zube kamar tulin gero. Ta biyu ta ga 'yar'uwarta ta kwanta, ita ma ta bi. San ya ratsa zaure, ya tunkuɗi ƙyauren ƙarfen, ya fita da shi har da bulon da ke riƙe da shi da rabin sunan Ilu. Taro ya dare. Jatau ya taka titi a natse, ya girgije yashi, ya hau katako ya shige mota, ba wanda ya ja shi.

Sai ga hular kwano ta gangaro daga cikin ƙura ita kaɗai, ta tsallaka titi, ta kwanta a gindin teburin Kyauta. Bayanta Ilu ya rarrafo, fari fat da yashi, in ban da tsakar kansa da yawun Jatau ya wanke. Sanƙon da ya yi shekara da shekaru yana ɓoyewa ya fito yana ɗaukar ido a gaban duk unguwa.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "To, kun dai gani da idonku. Ƙofar gaggawa ke nan. Da gangan na rage simintin. Da na cika shi, da yanzu san nan yana ciki!"

Malam Manu ya zaro ƙusa. "Kawo katin, Ilu."

Ilu ya kai hannu ƙirji. Ya laluba. Ya leƙa cikin riga. Guntuwar igiya ce kawai a wuyansa. A hankali fuskarsa ta washe, wani daɗi ya lulluɓe shi har ya daka tsalle.

"Babu! Ranka ya daɗe, babu kati! Doka cewa ta yi a huda kati. Ba kati, ba huji! Sai dai a ba ni sabo, dama na ce a taho da shi!"

Dattawan ƙungiya suka dubi juna. Ɗaya ya fara shafa gemu, don maganar ta ɗan kama hanya.

Sai Goggo Asama'u ta fito ta kan ɓaraguzai, lulluɓe da mayafi, muciya a hannu. Ta ɗaga muciyar ta nuna mota.

A can saman ƙahon dama na Jatau wani abu yana lilo. Katin ne, tsinin ƙahon ya shige ta tsakiyarsa ya fito, daidai kan hular da ke hoton Ilu.

Malam Manu ya matsa jikin mota, ya gyara tabarau, ya ɗaga kai. "Ɗaya," ya ce. "Biyu." Ya ɗan tsaya. "Uku." Ya mayar da ƙusarsa aljihu. "An hutar da ni."

"Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin lissafi! Sa ba ɗan ƙungiya ba ne!"

"Mu da farce muka duba aikinka. Shi da jikinsa ya duba. Kawo cokalin."

Ilu ya dubi taro ko zai ga mai tausayi, ya ga kowa yana riƙe da ciki. Ya zaro cokalin ginin daga ƙugu ya miƙa, hannunsa ya ƙi saki sai da aka ɗan ja. A nan ne dai ya ji abin har cikin ransa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce yashi ne. Mota ta tashi da Malam Sajo a gaba, Jatau a baya, katin yana kaɗawa a iska har suka sha kwana.

Hukuncin ƙungiya bai tsaya nan ba. Aka ce a mayar da zaure yadda mahaifin Malam Sajo ya bar shi, ƙofa nan, ƙofa can, a kuma liƙe tsagar. Wani magini aka ba aikin. Ilu shi ne lebura.

Ranar da aka fara, ya ɗaga kwanon ya ɗora a ka. Gindin kwanon ya zauna a kan sanƙon daram, kamar jiya aka sauke shi. Hular kuwa Goggo ta riga ta kifar da ita ta zuba wa kaji ruwa.

"Injiniya!" Kyauta ya kira daga tsallaken titi, benci cike. "Wai ina kati?"

Ilu ya tsaya da kwano a ka, ya juyo a hankali don kada ƙasa ta zube. "Katina? Ai wanda ya sayi Jatau kudu ya yi da shi. Yanzu haka katina yana Legas. Ku gaya min, duk ƙungiyar nan, har shi Malam Manu, wa katinsa ya taɓa zuwa Legas?"

Ya buɗe baki zai ƙara, sai muryar Goggo ta taso daga cikin gida.

"Lebura! A kawo ƙasa!"

"Na'am, Goggo!" in ji Ilu, tun kafin ya tuna ya gyara mata sunan.